Rufin Asirin da Aka Yi Mini a New Bell

Abin da na fara gani a Duwala ruwa ne. Ba na teku ba, wannan sai da na yi watanni kafin na gan shi. Ruwan sama nake nufi, irin wanda ba ya sallama, ba ya kuma bankwana. Ni da na tashi a wani ƙauye kusa da Gumel, inda in hadari ya haɗu tsofaffi ke fitowa suna yi masa addu'a, sai ga ni a garin da ake zagin ruwa. Na sauko daga jirgin ƙasa ƙafafuna a kumbure, domin tun daga Gaundare a tsaye na zo tsakanin buhunan wake da awaki. Duk tashar da aka tsaya kuwa sai masu kaki sun shigo suna cewa “papiye, papiye”, wato takardu. Kalmar Faransanci ta farko da na koya ke nan, kuma har na bar ƙasar ban daina tsoronta ba.

Yayana Isyaku ne ya tare ni a tasha. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya yi mini uba tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya aiko in zo in taya shi sayar da albasa. Dogo ne, mai murya, mai dariya har da buga ƙafa. Yana da wani jan takalmin fata sau-ciki da ya saya a Kano, wanda yake ji da shi fiye da yadda yake ji da ni. Saboda taɓon unguwarmu New Bell, a leda yake ƙunshe shi, ya tako da silifa har kasuwa, sai ya zauna a rumfa sannan ya sa. In na tsokane shi sai ya ce, “Kai Haladu, yaro ne kai. Mai saye ƙafa yake fara kallo kafin albasa.”

Muna haya a gidan wata dattijuwa, Mama Asabe. A New Bell aka haife ta, kakanta ne ya zo fataucin goro bai koma ba. Ba ta taɓa taka Kano ba, amma in ta ce “gida” can take nufi, kuma in ranta ya ɓaci Hausar ce ke fara ƙarewa, Faransanci ya karɓa. Gidan ɗakunan katako ne a jere, kowane ɗaki da iyalinsa. Namu babu komai ciki sai tabarma, da buta, da fitilar ƙwai, da ƙusa a bango inda muke rataye riguna. In ruwa ya yi ƙarfi har ɗakin yake shigowa, mu naɗe tabarmar mu ɗora a ka.

Amma gidan yana da wata al'ada da ta ba ni mamaki. Ba a taɓa barin baƙo ya ga ɗakin mutum yadda yake. In dangin mai neman aure za su zo, ko za a yi suna, ko surukin wani ya sauka daga arewa, sai ka ga kaya suna tafiya da ƙafarsu. Katifar Mama Asabe ta fito, rediyon Malam Garba tela ya biyo baya, fankar wannan, labulen waccan, kujerar wancan. Ba a tambayarka, ba a kuma jiran godiya. Baƙo ya tafi, kowa ya zo ya ɗauki nasa shiru. Yaya ya kan ce rediyon Malam Garba ya fi limamin unguwa halartar ɗaurin aure.

Na zo garin a mummunan lokaci. Kuɗin sefa ya faɗi, an zabtare albashin ma'aikata, kowa fuskarsa a murtuke. Ga kuma rigimar kan iyaka tsakanin ƙasarmu da tasu, wadda ni ban ma san inda wurin yake ba, amma ta sa duk ɗan Najeriya ya zama abin zargi. Yaya yana da takardar zama, sai dai wa'adinta ya wuce. Ni kuwa ba ni da ko ta banza. Wani mai bakin zuma da ake kira Dogo Papiye ya ce zai yi mini takardar a unguwar Nkololoun, ya kai ni wani lungu aka ɗauki hotona, ya karɓe duk abin da na tara, ya ce in dawo Juma'a. Na koma Juma'ar, na tarar da wata mata tana soya kifi a ɗakin, ta ce ita tun bara take wurin. Da na gaya wa Yaya sai da ya yi dariya har hawaye.

Akwai abin da mutanen garin ke kira kale-kale. Jami'ai ne za su zo da manyan motoci su toshe kowace hanya, su kwashi duk wanda suka samu, sai an je can a tantance. Na sha jin labari, amma ranar da ta same mu a kasuwar Dakar ta nan Duwala da hantsi ne, ina cikin tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Na ji usur, na ji mata suna ihu, na ga mutane suna gudu ta ko'ina. Wallahi so nake in gudu, amma jikin ya ce ba shi ba.

Maƙwabciyar rumfarmu, Mami Terez, wata Babamilika 'yar asalin ƙasar mai sayar da agade, ita ta fisgo wuyan rigata ta tura ni ƙarƙashin teburinta, ta ja buhu ta rufe, ta zauna ta baza zaninta. Ba ma jin yaren juna ni da ita, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Daga inda nake kwance ƙafafu kaɗai nake gani. Na ga an zaunar da mutane cikin taɓo an ce kowa ya cire takalmi. Na ga jan takalmin Yaya a gefe. Sai na ji ƙarar mari, na ji muryar wani tsoho mai goro yana salati, sannan na ji muryar da na fi sani a duniya tana cewa, “Haba! Wannan ai ya haife ka!” Na cusa bakin rigata a baki na ciza, don kada in yi kuka a ji ni.

Da ƙura ta lafa Mami Terez ta ɗaga buhun. Ta miƙo mini takalmin Yaya, ta goge shi da zaninta, ta ce, “Ashiya, magida. Ashiya.” Sannu take yi mini. Na karɓa na ƙunshe shi a ledarsa.

Yawancin waɗanda aka kama sun dawo kafin mako ya zagayo. Yaya bai dawo ba. Maganar nan da ya yi aka rubuta cewa ya yi wa hukuma tawaye, aka wuce da shi kurkuku, wai yana jiran shari'a. Muka yi abin da muka sani. Dattawan unguwa suka zauna, aka je wurin mai unguwa, aka je wurin liman, aka samu wani Alhaji mai motoci wanda aka ce yana shan shayi da manya. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci amanarsu ba. Kowa kuma ya dawo da amsa ɗaya, a yi haƙuri, dosiye ɗinsa, wato fayil ɗin shari'arsa, bai fito ba. Damina ta wuce, wata daminar ta kama hanya, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba.

Ni ko ziyara ba na iya zuwa, domin a ƙofar sai ka nuna takarda. Mama Asabe ce ke kai masa abinci, ni kuwa in raka ta in tsaya tsallaken titi ina yi kamar mai jiran mota. In ta fito sai in fara kallon kwanon kafin fuskarta. Da fari fanko yake fitowa, tana cewa, “Yayanka ya ce ka shafa wa takalminsa mai.” Daga baya ya fara fitowa da saura. Wata rana ta ce, “Ɗana, yana tari. Tarin ba mai kyau ba ne.” Tun daga ranar ban ƙara yin barcin kirki ba. Kowace mota ta tsaya a lungunmu sai in ce ni aka zo ɗauka, kowane mai sallama sai in ce saƙon mutuwa ya kawo.

Mama Asabe tana da 'yar ƙanwa, Anti Rabi, wadda ta yi boko sosai, tana buga takardu a ofishin wani lauya a Bonapriso. Ita ta ce in zo ta kai ni wurinsa. Bonapriso wata duniya ce, titi mai kwalta, gidaje masu katanga da furanni, da masu gadi a kowace ƙofa. Ga wanda ba shi da takarda, babu inda ya fi nan ban tsoro, domin babu cunkoson da za ka ɓuya a ciki. Na bi bayanta ina kallon ƙasa har muka hau bene.

Lauyan ɗan garin ne, Kirista, siriri mai furfura. Kowa Metir yake ce masa. Ya saurare ni Anti Rabi tana fassara, bai katse ni ba. Ni kuwa na zo da shirina, domin na ji a rediyo cewa akwai wata hukuma a wata ƙasa can, wadda ke sauraron kukan mutanen da gwamnati ta zalunta, ko da baƙi ne.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a rubuta musu kawai. A ce an tsare mutum ba shari'a, kuma yana tari.”

Ya girgiza kai ya yi magana. Anti Rabi ta ce, “Metir ya ce hukumar tana nan, gaskiya ne. Amma tambayar farko da za su yi ita ce, kun bi duk hanyoyin da ke cikin ƙasar kun ƙure su?”

Na ce, “Mun bi! Mai unguwa, liman, Alhaji, babu inda ba mu je ba.”

Ba ta ma fassara masa ba. Ta ce, “Haladu, waɗannan ba kotu ba ne. A wurinsu duk wannan zirga-zirgar kamar ba ku fita daga ɗaki ba. Tribinal suke nufi. A shigar da ƙara, in an ƙi a ɗaukaka, har sama.”

Na ce, “Anti, da me? Albasar ma ta ƙare. A rubuta musu cewa mu talakawa ne, shi ya sa ba mu je kotu ba. Ai uzuri ne.”

Metir ya daɗe yana bayani, yana juya alƙalami a hannu. Abin da na fahimta shi ne, talauci shi kaɗai ba ya wadatarwa. In da kowa zai ce ba shi da kuɗi ya tsallake kotunan ƙasa, to ba a ba ƙasar damar gyara laifinta ba ke nan. Akwai dokar da ta ce gwamnati ta ɗauke wa matalauci kuɗin shari'a ta ba shi lauya. In ka nema aka hana ka alhali ba ka da shi, ko aka yi ta ja maka rai ba iyaka, a nan talaucinka ya zama hujja, domin ƙofar ce aka rufe. In kuwa ba ka nema ba, za su ce kai ne ba ka ƙwanƙwasa ba. Ya ce shi zai bi maganar ba tare da ya karɓi komai ba, amma kotu tana da nata kuɗin, kuma ba shi da ikon yafe su.

Raina ya ɓaci, har tsoron ya ɗan ja baya. Na ce, “Ubangijin da ya halicce mu ma ya ɗauke wa talaka aikin hajji. Wanda ba shi da ruwa an ce ya yi taimama. Su waye su da ba za su karɓi uzuri ba?”

Anti Rabi ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, “Taimamar ma sai ka nemi ruwa ka rasa. Ba ka zauna a ɗaki ka ce ai na san babu.”

Har yau ina ganin maganarta daidai ce, kuma har yau ina ganin wanda ya rubuta dokar bai taɓa kwanciya ƙarƙashin teburin agade ba.

Hanyar samun taimakon gwamnatin ita ce, za a turo wata jami'ar jin daɗin jama'a ta zo ta ga inda nake kwana, ta rubuta cewa lallai ni fakiri ne. Da na ji jami'ar gwamnati za ta shigo ɗakina sai na ce ai kama ni za a yi. Metir ya ce ba 'yar sanda ba ce, ba ruwanta da takardar zama. Na ce to, amma zuciyata ba ta yarda ba. A iya sanina duk mai zuwa daga gwamnati da mota yake zuwa, kuma ba ya komawa shi kaɗai.

Na gaya wa Mama Asabe komai, ban ɓoye ba. Na ce talaucina za a zo dubawa. Ta ce, “To Allah ya sa a dace. Amma dai mace ce babba, ba a ce ta zauna a ƙasa ba.” Na ce haka ne. Kujera ɗaya na ɗauka take nufi.

Ranar da aka sa, na fita da safe na kai wa wani dako don in samu na koko, na biya masallaci na yi ta addu'a har azahar. Da na dawo sai na wuce ƙofar ɗakina, domin ban gane ta ba. An rataya labule mai furanni. Na ɗaga, na ga katifar Mama Asabe da zanin gado sabo, darduma a shimfiɗe, kujeru biyu, fanka tana juyawa, rediyon Malam Garba a kan tebur an lulluɓe shi da ƙyalle. Har agogon bango. Ba wanda ya shirya haka. Mama ta kawo kujera, matar tela ta ga kujera ba darduma ta ce abin kunya ne, wata ta ga darduma ba labule, haka dai.

Na ce, “Mama, an kashe ni! A kwashe!”

Ta ce, “Kai, rufa mana baki. Na girmi uwarka, kuma a garin nan aka haife ni. Wa ake kamawa a kale-kale? Mai tsumma. Mai babbar riga ce masa ake yi wuce, patron. In matar nan ta ga ɗaki fanko ta rubuta kai ɗan iska ne marar wurin zama, gobe mota ta zo ta kai ka iyaka, wa zai tsaya wa Isyaku?”

Maganar ta shige ni, domin abin da nake tsoro ke nan dare da rana. Ina tsaye Malam Garba ya zura mini wata shuɗiyar riga ta shadda da wani ya kawo ɗinki bai karɓa ba. Kafin in yanke shawara sai aka yi sallama da Faransanci a tsakar gida.

Jami'ar gajeriya ce mai jaka da lema, takalminta duk taɓo, da ganinta ta gaji. Ita kaɗai ta zo, a ƙasa. Aka zaunar da ita gaban fanka, aka kawo lemo mai sanyi, aka kawo kaza da matan gidan suka yi karo-karo suka soya. Ta dubi agogo, ta dubi rediyo, ta dubi rigata. Ta yi tambaya tana nuna kayan. Anti Rabi tana ofis, ba mai fassara sai Mama, ita kuwa ta amsa da fara'a da dogon Faransanci, na ji tana cewa “bon garson”, wato yaron kirki. Matar ta juyo gare ni ta maimaita tambayar. Mutanen gidan sun cika ƙofa, kowa yana murmushi, kowa yana kallon kayansa. Na faɗi abin da na saba faɗa wa duk wani na gwamnati don ya rabu da ni. Na ce, “Wi, madam,” wato e. Sai daga baya na san tambaya take ko kayan nawa ne.

Ta rubuta, ta ci cinya ɗaya, ta yi godiya ta tafi. Mutanen gidan suka yi ta murna wai an fita kunya.

Da amsar ta fito Anti Rabi ce ta zo da ita da kanta. Ban taɓa ganin ta ɗaga wa Mama murya ba sai ranar. An rubuta cewa mai neman yana zaune cikin wadata daidai gwargwado, yana da kayan wuta da sutura ta alfarma, don haka zai iya ɗaukar nauyin shari'arsa. Ta ce, “Mama, kun san abin da kuka yi? Yanzu gwamnati tana da shaida a rubuce cewa ba talaka ba ne. Kotu ba za ta yafe masa kuɗi ba. Waccan hukumar kuma in mun ce talauci ne ya hana shi, wannan takardar za a nuna musu. Kun rufe masa ƙofa biyu da labule ɗaya!”

Mama Asabe ta zauna a bakin rijiya ta yi tagumi. Can ta ce, a hankali, “Mu asiri muka rufa masa.”

Ban iya jin haushinta ba, ko a lokacin. Matar da ke tsayawa a layin kurkuku cikin ruwa saboda ɗan da ba ta haifa ba, ta yaya? Haushin ya rasa inda zai sauka, sai ya zauna mini a ƙirji.

Metir ya rubuta yana roƙon a sake dubawa. Aka ce sai layi ya zo kanmu, ba a kuma faɗi rana ba. Na ci gaba da raka Mama ina tsayawa tsallaken titi. Kwanon yana fitowa da rabi, sannan ya koma ana taɓa miyar kawai. Ta daina kawo mini saƙon takalmi. Na yi tunanin in tsallaka in miƙa kaina, a kulle ni, ko na gan shi. Sau da yawa na sa ƙafa a kwalta, sai in ga bindigar mai gadi in koma. Wata Talata da rana ta shiga ba ta daɗe ba ta fito. Ta tsallako ba ta duba mota ba. Kwanon yana ɗaure yadda ta ɗaure shi a gida, da ɗuminsa.

Dattawan unguwa ne suka karɓo gawar Yaya. A wurin wanka na ga fuskarsa bayan tsawon lokacin nan, kuma da ba a ce mini shi ne ba da na wuce. Likkafani Malam Garba ya ɗinka, bai karɓi ko sisi ba.

Aka zauna makoki a ɗakinmu, kuma kamar kullum kaya suka taho da ƙafarsu. Masu gaisuwa za su zo, ba a bari su ga ɗaki haka. Darduma ta dawo, kujeru suka dawo, fanka, labule, katifa a jingine don tsofaffi. Mami Terez ma ta zo da ƙullin agade, ta zauna a bakin ƙofa tana ta “ashiya”. Muna cikin haka, da la'asar, ana yayyafi, na ɗaga kai na ga gajeriyar matar nan da lemarta a tsakar gida. Layi ya zo kanmu.

Na fara laluben inda zan ɓuya kamar yadda na saba. Amma na duba na ga abin da nake jin tsoron a ƙwace mini an riga an binne shi. Anti Rabi tana wurin, ta matso ta ce a kunnena, “Metir ya ce ko yanzu ana iya shigar da ƙara a kan mutuwarsa, a tambayi wanda ya tsare shi ba shari'a. Amma sai da takardar talaucin nan. Kuma sai ka tsaya gaban alƙali da kanka, ba ka da papiye. Ka yi tunani.”

Na miƙe. Na ce, “Jama'a, Allah ya saka da alheri. Don girman Allah kowa ya ɗauki nasa. Yanzu, a gabanta.”

A unguwar nan ba a taɓa yin haka ba, daidai yake da a tuɓe mutum a kasuwa. Wani dattijo ya ce, “Haladu, ana zaman makoki?” Na ce, “Baba, ku yi haƙuri.” Ba wanda ya motsa, sai Mama Asabe. Ta tashi da ƙyar ta kama katifarta, ta ja ta har waje ita kaɗai, tana kuka, ta hana kowa ya taya ta. Sannan Malam Garba ya cire wayar fankar. Matarsa ta sauke labule. Tsofaffi suka tashi aka naɗe darduma daga ƙarƙashinsu, masu kujeru suka ɗauka. Kowa ya fita da abinsa kansa a sunkuye, Anti Rabi tana faɗa wa jami'ar sunan mai kowane kaya. Na cire hular aron da ke kaina na miƙa wa mai ita.

Abin da ya rage shi ne tabarma, da buta, da fitilar ƙwai, da ruwan da ya fara shigowa ta ƙarƙashin katako. Matar ta tsaya tana kallo, ba ta zauna ba, domin babu inda za ta zauna. Ta buɗe jakarta ta fara rubutu. Sai idonta ya kai kan ƙusar bango, inda leda ke rataye. Ta sa hannu ta buɗe, ta ga jan takalmi yana ƙyalli, domin ban taɓa fasa shafa masa mai ba. Ta yi tambaya.

Anti Rabi ta ce, “Tana tambaya, wannan fa, wa zai ɗauka? Ta ce takalmi ne mai tsada.”

Na ce, “Ki gaya mata na wanda muka nemar wa lauyan ne. Ki ce mata ba zai zo ya ɗauka ba.”